Taka Har Ƙasa

Motata ta girmi biyu daga cikin ƴaƴana, kuma ta fi su jin magana. Farar bas ce ta kaya. Da ita na yi shekaru ina kwasar albasa daga wajen Malbaza zuwa Ƙonni, ran kasuwa in leƙa Illela. Injin ya tsufa, ban musa ba. Da safe sai ta yi tari ta saki shuɗin hayaƙi, mai kuwa tana shan shi kamar mai azumi ya samu kunu. Duk wannan na saba da shi. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko ke nan, amma a kukan inji ko mushen, malamin da ya kore ni, sai ya zauna in koya masa.

Abin da ya tada mini hankali ambiriyaj ne, wanda mutanen ƙetaren iyaka ke ce wa kuloci. Na motata da man burki yake aiki: ka taka feda, man ya bi siririn bututu ya tura, sannan bitesi, wato giya, ta shiga. Bara bayan girbi sai ta fara gardama. In na zo canja bitesi sai ka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Babban ɗana ya ji da kunnensa, ya same ni a zaure ya ce lokaci ya yi da zan huta, a bar wa ƙanensa tuƙin, tunda shi ma magidanci ne kuma yana da takardar tuƙi. Kansa a ƙasa ya faɗa, cikin ladabi, abin da ya fi zagi ciwo. Na ce masa laifin mota ne, kuma zan kawo shaida.

Shaidar tawa makaniki ne, taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Tun muna tsirara yake tsokanata. Garejinsa gindin wata bishiyar bedi ce da akwatin ƙarfe ɗaya. Ya buɗe ɗan gwangwanin man, ya sa yatsa, ya shinshina, ya tambaye ni ko wanka nake wa motar ta ciki. Dole na amsa. Wata huɗu kafin nan man ya tsiyaye mini kusa da Tsarnawa, na yi dabarar direbobi, na kaɗa ruwan sabulu na zuba. Dabara ce ta kai mutum gida, washegari ya wanke ya sa mai. Ni na isa gida na manta. Ruwan ya ci robobi, ya sa tsatsa.

Ya zage ni son ransa, ni kuwa daɗi nake ji. An samu mai laifi, kuma ba ni ba ne, ko dai ni ne amma ta hanyar da ake gyarawa.

Ya canja robobin, ya wanke bututun, ya zuba sabon mai. Saura fitar da iska, aikin da mutum ɗaya ba ya yi. Ɗaya na sama yana taka feda ya riƙe ta a ƙasa, ɗaya na kwance ƙarƙashin mota yana kwance ɗan noti iskar ta fita, ya ɗaure kafin a saki. Na hau, ya shige.

"Taka har ƙasa, tsoho."

"Na taka."

"Ƙasar wane gari?"

Muka sake. Muka kuma sakewa. A na huɗu sai na ji ya ajiye sifana. Ya fito yana share hannu, ya buɗe ƙofata, ya tsuguna, ya ce in taka ya gani. Na taka da iyakar ƙarfina. Tsakanin feda da daɓen mota akwai kamar yatsa uku, gwiwata ta hagu kuwa tana rawa ita kaɗai kamar ba tawa ba. Ya duba, na duba.

Bai ce komai ba. Mutumin da bai taɓa barin ko tuntuɓena ya wuce ba tare da ya yi masa waƙa ba. Shirun nan ne ya tsorata ni.

Ya ce in sauko mu yi musanya. Na kwanta a ƙasa da sifana, shi ya taka, iskar ta fita tun karon farko. Ya ja motar ya zagaya da ita, bitesi na shiga kamar cokali a fura. Da ya dawo ya zauna kusa da ni bisa tsohuwar taya, ya ce zai iya ɗaura mini guntun katako a kan fedar, ƙafar ta riƙa kaiwa. Yaran kuma, in sun tambaye shi, zai ce musu sabulu ne, kuma bai yi ƙarya ba.

Na daɗe ina juya maganar. Katakon zai yi aiki, na sani. Amma sai na tuna mararrabar Tsarnawa ran kasuwa, amalanken jakai, mata da kaya a ka suna tsallakawa ba su duba ba. Ƙafar dama, mai taka burki, rana ɗaya aka haife su da ta hagu. Ban san wa'adin da aka ɗebar mata ba, kuma ban so in ji labarin a tsakiyar kasuwa.

Na ce ya bar katakonsa ya hura wuta da shi.

Shi ya tuƙa ni gida. Na kira babban ɗan nawa da ƙanensa na shaida musu, da murya irin ta alƙali, cewa an kama laifin a jikin mota kamar yadda na faɗa, an kuma gyara. Babban ya yi hamdala. Sannan na miƙa wa ƙaramin makulli, na ce ya duba mai kullum safe, kuma in na ga sabulu kusa da motar zan tsine wa sabulun. Ba wanda ya tambaye ni dalili. Ƙaramin ya karɓa da hannu biyu, suka fita a hankali, kamar waɗanda suka baro ɗakin mara lafiya.

Taubashin nawa har yau bai tsokane ni da zancen gwiwar ba, ko sau ɗaya. Ina nan ina jira. Ran da ya yi, zan san na warke.