Mabuɗin da Hajiya Ta Haddace

Mun tashi daga Kaduna ana idar da sallar asuba, ni da abokin aikina, raina a ɓace. Kwana ɗaya kafin nan Hajiya ta kira ni. Ita ce mai wani ƙaramin ɗakin gwajin jini a cikin birnin Kano, kuma wata shida da suka wuce ni na haɗa mata manhajar da ke ɗaukar sakamakon gwaji daga kwamfutarta ta tura wa mutane a waya. Ta ce saƙon gargaɗi ya shigo mata, wai wani baƙo ya kutsa rumbun bayananta. Abin da ke cikin rumbun nan har da gwajin da ake yi kafin aure, a unguwar da kowa ya san kakan kowa.

Kuɗin mota ya kusa ninka na wancan zuwan, direban kuma ya ɗora laifin a kan fetur kafin ma mu tambaya. Daga Zariya zuwa Kwanar Ɗangora abokina ya yi ta shan rake, ni kuwa ina ta faɗa. Na san aikina. Kalmomin sirrin da manhajar ke amfani da su duk na kulle su a fayil ɗin saiti, na mayar da su tarkacen haruffa da ba mai iya karantawa sai da mabuɗi guda. Mabuɗin nan, haruffa da lambobi talatin da biyu, na rubuta wa Hajiya a takarda na ce ta adana. Tun kafin mu iso Kura na gama yanke hukunci: ta manna takardar a bango, kamar yadda mutanenmu suka saba.

A Ƙofar Nassarawa muka hau adaidaita sahu. Mai adaidaitar ya kutsa da mu ta Ƙofar Wambai, inda masu robobi da masu baro suka cinye rabin titi, sannan ya ajiye mu a bakin wani lungu ya ce iyakarsa ke nan. Muka ƙarasa a ƙafa, muna tsallake kwata.

Hajiya ta tarbe mu da fura mai sanyi. Ban ko taɓa ba, na hau duba bango da ƙarƙashin tebur. Ta zuba mini ido har na gaji.

"Malam, me kake nema?"

"Takardar mabuɗin, Hajiya. A ina kika ajiye ta? Wa ya gan ta?"

"Ai ranar da ka ba ni na ƙone ta."

Ta jawo ƙofa ta rufe, ta rage murya, ta karanto mini haruffa talatin da biyun nan tiryan-tiryan, har tana bambance babban baƙi da ƙarami. Na saki baki. Ashe 'yar gidan malamai ce, tun tana ƙarama ta saba da hadda. Ta ce, "Takarda ai tana da ƙafa. Abin da ke ka kuwa sai an tambaye ni."

To ta ina aka shiga? Muka buɗe tarihin shiga na rumbun. Baƙon bai fasa komai ba, da kalmar sirri ta gaskiya ya shigo, ya buɗe sakamakon mutum tara ya fita. Muna cikin haka abokina ya tuna wani abu, ya buɗe shafina na sada zumunta. Ya miƙo mini wayarsa.

Ku da kuke bibiyata za ku tuna hoton da na sa a wancan zuwan, ina riƙe da gurasa bandashe, na rubuta cewa aiki ya kammala. Kun yi ta yabon gurasar. Abokina ya faɗaɗa hoton da yatsu biyu. Ga kwamfutata a bayan farantin, fayil ɗin saiti a buɗe, adireshin rumbun a sama, mabuɗin a ƙasa, kowane harafi raɗau. Kwaɗo da ɗan mabuɗinsa a hoto ɗaya, wata shida suna yawo a duniya.

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ni da na taho tun daga Kaduna ina zagin masu manna takarda a bango, ashe tawa takardar na manna a bangon da ya fi kowanne faɗi.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Muka goge hoton, muka canza duk kalmomin sirri, muka yi sabon mabuɗi, muka rufe rumbun yadda ba za a iya shiga ba sai daga kwamfutar ɗakin. Na ɗauka an gama. Sai na ga ta yafa mayafi.

"Mutum taran nan amana suka ba ni," in ji ta. "Gara su ji daga bakina. Tashi mu je, kai za ka yi musu bayanin yadda aka yi."

Gida tara muka shiga tsakanin azahar da la'asar sakaliya. Wani ya ce Allah ya kiyaye gaba, wani ya ƙi amsa sallamata ta fita. A gida na shida wani magidanci ya tambaye ni ko zan iya rantsewa ba wanda zai ga sakamakon ɗansa. Na ce ba zan iya ba. Har yanzu ban san wanda ya shiga ba, ban kuma san abin da zai yi da su ba.

Washegari muka dawo Kaduna, ban ɗauki hoto ko ɗaya ba. Na koyi cewa kullewa rabin aiki ne, sauran rabin yana hannun mai riƙe da mabuɗi. Da muke sallama a bakin lungu Hajiya ta ce mini, "Sabon ma na haddace shi. Kai dai in ka dawo, ka ci gurasarka wayarka na aljihu."