Ranar da Na Je Neman Irin Wake a Kan Keke

Waken da uwata ta bar mini ja ne, ƙanana, da ɗan farin ido a gefe. Ba ya cika rumbu, amma yana nuna da wuri, kuma idan ya dahu romonsa kauri gare shi kamar an zuba gari. Tun rasuwarta nake shuka shi a gayaunata, 'yar gonata ta kaina, tsakanin layukan hatsi. A shekarar da nake faɗa, na zuba irin a bido, wato jarka, ban kula murfin ya tsage ba. Da na buɗe bayan hatsi ya tsiro, gari na tarar da ƙwari. Na zazzage a faifai na tsince, ko ƙwaya ɗaya babu mai rai.

Ba a sayar da shi a kasuwarmu ta Gangara. Mutum ɗaya na san tana da shi, Inna, ƙanwar uwata, can tsohon garinmu na bakin iyaka, inda kakanninmu suka fara sauka da suka taso daga ƙasar Katsina.

Sai aka yi ruwa mai ƙarfi wata la'asar. Ruwan shukar wake ne, wanda bai shuka washegari ba lema ta tsere masa. Da safe kowa ya yi gona. Amalanke babu, ɗan kabu-kabun garinmu ma yana can da sunguminsa. Gaskiya ban wahalar da kaina wajen nemansa ba, don idona na kan keken ɗiyata.

Da shi take zuwa lakol, makarantar boko, a Gazawa, amma ta tafi hutu gidan gwaggonta. Tun rani nake koyonsa a tsakar gida idan mun taso daga karatun manya, daga gindin rumbu zuwa turken akuya. Waje ban taɓa fita ba saboda rairayi. Hanyoyinmu idan babu ruwa taya nutsewa take, namiji ma sai ya sauka ya tura. Amma washegarin ruwa rairayi kan kwanta ya yi tauri kamar daɓe.

Na sami maigida yana shirin gona.

"Malam, zan je wajen Inna neman iri."

"Da mi?"

Na nuna keke da haɓa.

"Ke da kike kasa kewaye akuya?"

"Akuyar ce ba ta tsayawa wuri ɗaya."

Ya yi dariya har da tari. "To, in za ki faɗi, ki faɗi inda ba a san ni ba." Ya ɗauko famfo ya ƙara wa tayoyin iska, ya riƙe mini kariya, mazaunin kaya na baya, na hau.

Na sa wandon ɗiyata a ƙarƙashin zane, na ɗaure bakin hijabi a ƙugu don kada sarƙa ta ci shi. Da na fita bayan gari na taka feda sau uku, sai keken nan ya ɗauke ni. Wayyo Allah, daɗi! A tsakar gida taku biyar kin kai bango. Nan kuwa babu bango, babu tudu, ƙasa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, hatsi ya yi kore shar, gawo nan da can. Iska ta cika mini hijabi. Ni da ake cewa sai an matso ake jin maganata, na ji wata mata tana ihu, ashe ni ce. Na yi ta kaɗa ƙararrawa babu kowa a gabana. Zabi suka watse, na ba su haƙuri ina dariya. Allon da ke bakin wani ƙauye na karanta shi da ƙarfi ina wucewa, ban ko rage gudu ba, na ce ina ma malamarmu ta gani.

Abin da ban yi tunani ba shi ne gaisuwa. Mai keke ba ya gama gaisuwa. Ina cewa "Ina kwananku," kafin su ce "Ina gajiya" na yi nisa, sai dai in jefo "Ba gajiya!" ta bayan kafaɗa. A wani tsohon gari mai ragowar ganuwa da ramukan marina da suka cike da ciyawa, na ga abokin mahaifina zaune a gindin kuka. Wannan ba a wuce shi. Sauka kuwa ban isa ba, don ban iya hawa sai an riƙe mini. Sai na shiga kewaye kukar.

"Baba, ina kwana?"

Na ɓace a bayan kuka, na ɓullo.

"Lafiya lau. Ɗiyar wa ke nan?"

Na sake ɓacewa, na ɓullo na faɗa masa.

"Ikon Allah! Ina maigidan? Ina yara? Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Baba!"

Sau shida na zagaya kafin ya ce, "Je ki, je ki, kin sa ni jiri."

Da hantsi na isa. Birki na matse da ƙarfi a ƙofar gida, na sauka cikin dangar kara, ni da keke. Inna ta dawo daga gona ke nan, ƙafafunta duk laka. Ta tsaya riƙe da baki.

"Ke! Wa ya koro ki?"

"Ba kowa, Inna."

"Uwarki ko jaki tsoro take ji. Wannan a ina kika gado?"

Mu an hore mu baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi a tsaye. Sai ya sha ruwa, an gaisa, an ci abinci, sannan. Ni kuma ko cikin masu kawaici ana ce mini na yi yawa. Na sha ruwa. Maƙwabta suka shigo ganin keke, kowace ta kaɗa ƙararrawa ta yi tsalle baya. Inna ta shige madafa. Na miƙe a tabarma, barci ya sace ni.

Bayan azahar ta ajiye mini akushi. Na buɗe, sai ga jan wake mai farin ido, da man gyaɗa da yaji. Na ce a raina, alhamdulillahi, ashe tana da shi da yawa. Na ci, na ƙara, na suɗe hannu. Sannan na gyara zama.

"Inna, dama iri na zo nema. Nawa ƙwari sun cinye."

Ta dube ni. Ta dubi akushi.

"Wane iri?"

"Wannan dai, na uwata."

"Ɗiyata, ai kin cinye shi."

Da safe ta shuka nata. Ɗan abin da ya rage a ƙwarya, da ta ga ɗiyar yayarta ta zo, ta ce ba abin da ya dace da ni sai shi. Ta wanke tokar da take ajiye shi ciki, ta sa kanwa ta dafa.

Inna ta fara dariya har ta kwanta a tabarma. "Ƙwari sun ci rabi, ke kin ci rabi! Bakinki ciwo yake da ba ki faɗa tun a ƙofa ba?" Ni ma dariyar nake, amma hawayen da ke zuba ba na dariya ba ne duka. Ta lura. Ta tashi zaune, ta ɗaura ɗankwali.

"Tashi. Huɗu-huɗu na zuba a rami. Uku sun ishe ni."

Muka tafi gayaunarta. Ramukan ba su ɓata ba, don kowane da sawun dunduniyarta a kai, inda ta taka ta rufe. Muka bi sawun a durƙushe. In tona da yatsa, in ɗauki ƙwaya ɗaya, ta mayar da ƙasa ta sake takawa. Masu wucewa suka tsaya kallo.

"Inna, yau shuka ake ko girbi?"

"Wanga wake nawa da wuri yake nuna, ba ku sani ba?"

Waken ya sha lema, ya kumbura, fatarsa ta yi laushi. Da muka tara cikin tafi biyu, Inna ta jiƙa tsumma ta ƙulle shi, ta ɗaura mini a ƙugu.

"Ya riga ya farka. In ya kwana a waje ya lalace. Yau za ki sa shi ƙasa, kin ji? Kada ki tsaya gaida kowa."

Ta riƙe kariya, ta tura ni da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

Komowa ta fi wuya. Rana ta busar da saman hanya, wuri-wuri taya ta fara nutsewa. Na gane in bi gefe, inda ciyawa ta riƙe ƙasa. Sau biyu na sauka na tura, na nemi kututture na taka na hau da kaina. Baba yana nan gindin kukarsa. Na ɗaga hannu ɗaya, ban san na iya ba sai ranar, na ce, "Baba, sai na dawo, iri ne a jikina!"

Rana ta yi ja lokacin da na hango gayaunata. Maigida na tsaye a ciki. Ya riga ya sare ramuka da sungumi tsakanin hatsin, layi bayan layi, fiye da abin da nake da shi. Na kwance tsumman na nuna masa.

"Shi ke nan? Ina sauran?"

"Yana cikina, Malam."

Bai gane ba, ni kuma dariya ta hana ni bayani. Ɗaya-ɗaya na jefa, ina takawa da dunduniya. Muka gama ana kiran magariba.

Kwana huɗu suka ɓullo, ba duka ba, amma da yawa. Shekarar nan ko ƙwaya ba mu ci ba. Abin da muka girbe na zuba a tulu da toka na liƙe baki da laka, na ware wa Inna nata. Da damina ta zagayo, washegarin ruwa na kai mata a kan keke. Tun daga bakin danga, kafin in yi sallama, na ɗaga murya: "Inna, iri ne! Kada ki ɗora tukunya!"