Nauyin Kwano

Ranar da Dakta ta shafa wa baƙin mijinta man gyaran fata a burodi, gajiya ce ta jawo. Tun safe take tsaye a kicin tana narka man kaɗanya da kakin zuma. Kwalabenta sun ƙare, sai ta juye haɗin a tsohuwar robar bota ta tura firij ya daskare. Da yamma tsofaffin abokan aikin maigidan su uku suka zo gaisuwa. Ta dafa shayi, ta yanka burodi, ta zura hannu a firij ko dubawa ba ta yi ba. Robar bota biyu ce a ciki, hannunta ya faɗa kan wadda ba ita ba.

Baƙo na farko ya gatsa, ya tauna, ya haɗiye don kunya. Na biyu ya tambaya ko botar ta ƙasar waje ce, don yana jin ƙanshin fure. Na uku mai haƙoran roba ne, kakin ya manne masa, ya juya baya ya ciro haƙoran yana goge su da hankici. Kafin rana ta faɗi duk layin ya ji labari. Matan layi suka yi ta aiko mata da tambaya ko cikin baƙin ya yi laushi da sheƙi.

Shekara ashirin da biyu Dakta ta yi tana girki a kicin ɗin wata makarantar kwana. Gishirin yara ɗari uku da tafin hannu take auna shi, ba ta taɓa kuskure ba. Da gwiwoyinta suka gaza tsayuwar gaban manyan tukwane, ta dawo gida, zaman ya ishe ta, sai ta kama haɗa man shafawa da sabulu tana ba matan layi da 'yan kasuwa. Da tukunyar miya take narka kaki, da injin markaɗe take bugawa. Watanni shayin gidan yana ɗanɗanon turare, mijin yana haƙuri.

Mijin kuwa tsohon ma'aikacin gidan waya ne, shi ya sa a bayan idonsa ake kiransa Kan Sarki. Mutum ne mai son a yi komai bisa ƙa'ida, har takalmansa a jere suke kamar za a aika su wani gari. Da baƙi suka tafi bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi daga yau ko cokalin man shafawa ba zai sake shiga kicin ba. Zai kwashe kayansa daga sito ya bar mata na wata ɗaya. In wata ya cika ta fitar da kwalba ɗaya mai kyau daga ciki, sito ya zama nata. In ba haka ba, kayansa su koma, ita kuma ta haƙura da sana'ar.

Kayan nasa fankoki ne guda biyar da ba sa juyawa, da rediyo uku, da keken da ba shi da sarƙa, duk yana jiran ranar da zai gyara su. Aka jibge su a baranda.

Kwana huɗu ta yi tana wanke siton, tana hutawa a kan bokiti in gwiwa ta riƙe. Wani kafinta ya buga mata tebur da kanta biyu, ta shimfiɗa leda mai kauri a kai. Ta sayo tukwanen ƙarfe biyu, ƙarama da ke zama cikin babba don kaki ya narke da zafin ruwa kada ya ƙone. Ta sayo cokula ta ɗaura wa kowanne jan zare a wutsiya don kada ya ɓata hanya ya koma miya. 'Yarta ta fari, wadda ke aiki a shagon magani a wani gari, ta aiko da kwali: ma'aunin zafi, safar hannu, tabarau na roba saboda sodar sabulu, farar riga, da ɗan sikeli mai batir wanda bai fi tafin hannu ba. Ta haɗa da takarda ta rubuta yadda ake haɗa man mai ruwa, irin mai laushin da matan layi ke ta tambaya, kowane abu da giram ɗinsa. A waya ta ce, Mama, don Allah ki bar awon ido, wannan ba miya ba ce.

Ranar da ta fara fitowa zubar da ruwa sanye da farar rigar da tabarau, mai kantin layin ya miƙe tsaye ya sara mata kamar soja, yana cewa ga likita. A ranar sunan Dakta ya kama ta, har jikokinta ba su san wani ba.

Sai dai man ya ƙi. Takardar ta ce kakin da ke haɗa ruwa da mai giram hamsin. Ta kunna sikeli, ta ɗora kwanon silba, ta zuba kaki har lamba ta nuna hamsin. Idonta ya ce kakin nan ya yi kaɗan, hannunta ya yi ƙaiƙayin ƙarawa, amma ta tuna maganar 'yarta ta danne. Ta narka, ta duba zafi, ta buga har kafaɗarta ta sage. A cikin tukunya sai ya yi fari tas kamar zai yi. Washegari ta buɗe kwalba ta tarar mai a sama, ruwa a ƙasa, kowa ya kama gabansa.

Ta zargi ruwan, ta tafasa ta tace. Ta zargi mai sayar da kaki, ta sake shago. Ta zargi zafin ɗakin, ta koma yi da sassafe. Sau bakwai ta haɗa, sau bakwai ta zubar a bayan gida, har kajin maƙwabta suka fara sheƙi. Ba ta gaya wa 'yarta ba, don kada a ce shekara ashirin da biyu a kicin amma ɗan ƙarfe mai batir ya gagare ta. Matan layi da suka saba leƙowa da kwalabensu suka rage zuwa. Takan zauna a kan bokitin ta cire tabarau ta dubi cokulanta masu jan zare, tana jin bayanta kamar an daka, ba ta ma da ƙarfin yin fushi.

Duk wannan Kan Sarki yana baranda, wai yana kwance fanka. Daga inda yake zaune ana hango teburin. Tun haɗi na biyu ya ga abin da ke faruwa, don shekara talatin ya yi yana auna ƙunshin saƙonnin mutane a kan kantar gidan waya. Ya ci gaba da kwance fankarsa. Ko yana jiran ta tambaya ne, ko yana jiran wata ya cika ne, shi kaɗai ya sani. Ita kuwa ta gwammace ta tambayi katanga.

Saura kwana uku ta sake ɗora kwano, ta ɗebo kaki. Sai ta ji tari a bakin ƙofa. Kan Sarki ne, ya kasa jurewa. Zai iya kallon matarsa tana zubar da mai mako uku, amma ganin ana wulaƙanta sikeli ya fi ƙarfinsa.

“Juye kakin nan,” in ji shi. “Ɗora kwanon shi kaɗai. Nawa ya nuna?”

Ta matso da ido. “Arba'in da biyu.”

“To giram takwas kike zubawa tun farkon wata. Sauran duk nauyin kwano ne.”

Ya sa yatsa ya danna wani ɗan maɓalli da ba ta taɓa kulawa da shi ba, lamba ta koma sifili, kwano na zaune a kai. Ya ce duk mai awo abu na farko da ake koya masa ke nan, a cire nauyin mazubi kafin a auna kaya. Ta zuba kaki har hamsin. Tulin da ya taru daidai yake da wanda hannunta ya so ɗiba tun ranar farko. Ta tambaye shi tun yaushe ya gani. Ya ce bai riƙe rana ba, ya koma wajen fankarsa da sauri.

Washegari ta buɗe kwalba. Man ya kama, fari, sumul, ta kifa kwalbar bai motsa ba. Ba ta yi guɗa ba, ba ta kira kowa ba. Zama ta yi a kan bokiti ta daɗe tana shafa shi a gwiwoyinta.

Ta kai masa kwalbar baranda ta ajiye a gabansa. Ya lakata, ya murza a bayan hannu, ya shinshina, ya yarda cewa ya yi. Daga nan ya gyara zama ya fara lissafo gudummawarsa. Ya ce tun da dai da iliminsa aka kai ga nasara, adalci shi ne a raba siton biyu: ita ta riƙe teburinta, fankoki da rediyo su koma kusurwar taga, keken a rataye shi a bango. Damina na tafe, in ji shi, kuma kayan ba su da wani nauyi.

Dakta ta rufe kwalbarta, ta dafa bango ta miƙe.

“Malam, ai kai ka koya min jiya. Na auna siton nan, kai da fankokinka ku ne kwanon, kuma na riga na danna sifili.”