Yadda Baba Ya Juya wa Gwanjo Baya

Shekarar da injin ban-ruwan Baba ya mutu, albasarsa ba ta fi sati biyu da dashe ba. Bakanike ya kwance shi ya ɗaura, ya sake kwancewa, a ƙarshe ya tattara kayan cikinsa a buhu ya ce a yi haƙuri. Fangali goma sha biyu Baba ya dasa a fadamar bayan Sheme, kuma da su gidanmu ya dogara a shekarar. Albasa sabuwar dashe ba ta jure ƙishi. In ta yi kwana huɗu ba ruwa, sai dai a yi mata addu'a.

Ni ina koyarwa a wata firamare a Ƙanƙara, inda nake aure, kuma na jima ina sayen kaya a gwanjon intanet. Mai kaya zai sa hoto, a yanka lokaci, kowa ya yi tayi, wanda tayinsa ya fi idan lokacin ya cika shi ke ɗauka. Sau ɗaya aka taɓa yi mini wayo. Na ga fanka a hoto tsaye ƙiƙam, na biya, aka kawo mini wadda ba ta fi tafin hannuna ba. Tun daga ranar nake karanta abin da masu saye na baya suka faɗa a kan mai kaya, ina neman bidiyo, kuma ba na tura ko sisi sai ta shafin, inda ake riƙe kuɗin har kaya su iso. Da haka na samo wani inji na hannu a wurin wani mutum a Zariya, mai kyau, ga araha, za a rufe tayinsa ranar Asabar bayan la'asar.

Da na yi shiru na taya abina a ɗakina, da an wuce wurin. Sai bakina ya ja ni na kira Baba na yi masa albishir.

Baba ya yi shekara arba'in yana dillancin shanu a karar Sheme kafin gwiwa ta zaunar da shi. Mutum ne da ko goron hamsin zai saya sai mai goro ya yi gumi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Uwata, ke za ki yi mani ciniki ina raye? Taho da wayar." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka, amma sunan bai taɓa sa ya bi shawarata ba.

Ranar Asabar na same shi a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, ya shimfiɗa tabarma, ya sa babbar rigarsa ta zuwa kasuwa har da rawani. Na ce masa mai injin fa ba ya ganinmu. Ya ce shi yana ganin kansa.

Da gaisuwa muka fara. Ya sa na rubuta wa mutumin ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, ya mutanen Zazzau. Mutumin ya maido mana da hoton babban yatsa guda ɗaya. Baba ya ƙura wa yatsan ido.

"Wanga mi yake nufi? Zagi ne?"

"A'a Baba, ya amsa ne."

"Da yatsa? To, mun san irin tarbiyyar da ya samu."

Daga nan aka shiga kushe, wanda a wurin Baba rukuni ne na ciniki. Ya ce in rubuta cewa injin ya rame, fentinsa na ɓoye wata cuta ne, kuma daga ganin ƙafarsa ya sha wuya. Na rubuta rabi na haɗiye rabi. Amma a nan zan ba shi haƙƙinsa. Da muka kalli bidiyon da mutumin ya turo, injin yana ta feshin ruwa, ni har na gamsu. Baba ya kara wayar a kunne sau uku, ya ce bai ga lokacin da aka tayar da shi ba. Ya ce saniya ma ana ɗura mata ruwan kanwa ta cika ido kafin a shiga kara, don haka a nuna masa injin a sanyaye, a ja igiya a gabansa. Mutumin ya sake turo wani. Ja ɗaya injin ya tashi. Na ga idon Baba ya yi haske, amma bakinsa cewa ya yi, "Ba laihi."

Da aka zo tayi, ya ce in sa rabin kuɗin da aka fara da shi. Wayar ta ƙi karɓa. Ya ce in sake, ta sake ƙi. Ya ce bai taɓa ganin kasuwar da ake hana mutum raina kaya ba. Da ƙyar ya yarda muka yi tayin gaskiya. Minti kaɗan wani ya ɗora a kanmu. Baba ya tambaya ko ɗan gidan wa ne, na ce ba a nuna suna. Muka ƙara, ya ƙara. Muka sake ƙarawa, ya sake. Saura minti goma a rufe, wancan mai tayin ya wuce mu da ɗan abin da bai kai kuɗin kaza ba, kuma muna da halin wuce shi. Yatsana yana kan wurin dannawa.

Sai Baba ya zare wayar daga hannuna, ya kife ta a kan tabarma, ya miƙe ya kaɗe riga. Ya ɗaga murya yadda wayar za ta ji, ya ce, "Mun hwasa. Allah shi ba da kasuwa." Ya dube ni. "Tashi mu tahi."

Na san wannan tafiyar tun ina ƙarama. A kara, idan ciniki ya cije, mai saye yakan juya baya kamar ya haƙura, kuma kafin ya yi nisa mai dabba zai kwala masa kira ya sallama. Na ce, "Baba, wannan ba ya kira. Agogo ne ke tahiya." Ya ce, "Kowa na kira. Kar ki waiwaya." Ga maƙwabta zaune a kan dakali suna kallo, ba damar in yi musu da mahaifina a titi. Na bi shi, zuciyata na tafasa.

Tafiya yake a hankali, ƙeya a miƙe, kunne a baya. Ya tsaya wurin mai rake ya tambayi farashin da bai da niyyar biya. Ya duƙa ya gyara takalmin da babu abin da ya same shi. Muka kai kwanar masallaci, ya rage sauri har ya zama kamar a tsaye yake. Can sai muka jiyo muryar Inna daga zaure: "Alhaji, ga wayarku nan tana kuka."

Murmushin da Baba ya yi a lokacin ban taɓa ganin irinsa ba. Ya ce, "Kin gani?" Na zabura zan ruga, ya ce in natsu kada mutumin ya ga muna ɗoki. Haka muka dawo muna taku ɗai-ɗai. Na ɗaga wayar. Saƙo ne cewa an rufe gwanjo, wani ya ɗauki injin.

Abin da na faɗa wa Baba a ƙofar gidan nan, a gaban mutane, har yau ina jin kunyarsa. Na ce ya jefar da albasarsa don a ce ya iya ciniki. Na ce zamaninsa ya wuce. Ya naɗe tabarmarsa da kansa ya shiga gida.

Washegari da sassafe Inna ta ce mini ya tafi fadama. Na same shi a bakin rijiya da guga da bokiti biyu, ya naɗe wando, yana ɗingisawa zuwa fangali yana dawowa. Na karɓi bokiti ɗaya na hau jido, don ban san ta inda zan fara ba da haƙuri ba. Muka yi ta jido har rana ta take. Fangali uku muka iya shayarwa, kuma su kaɗai suka rayu kafin na samo wani injin bayan sati biyu.

Da muka zauna hutawa, ya daɗe yana kallon sauran fangalin da suka fara kwantawa. Sannan ya ce, a hankali, "Uwata, tun da nike, ba a taɓa bari na kai kwanar hanya ba a kira ni ba."