Mai Walda da Numfashin Auta

A masana'antar ƙera tankuna kowa Mai Walda yake ce masa, har ya kusa manta sunan da mahaifinsa ya raɗa masa. Mutum ne da magana ke yi wa wuya. Sai ka gaishe shi sau biyu kafin ka samu rabin amsa.

Autarsa tana da asma, unguwarsu kuma hayaƙin masana'antu ba ya barinta ta sarara. Kullum da safe sai ya bi tagogi da jiƙaƙƙen tsumma yana goge ƙura. In yarinyar tana magana, ba zancen yake saurare ba, ƙirjinta yake kasa wa kunne.

Da matarsa ta samu aikin koyarwa a wani gari mai nisa, mai iska mai kyau, shi ma wani kamfani a can ya ce ya zo. Albashin ya fi, ga gida da tsakar gida. Har sun fara ɗaure kaya, sai ya je ya tambayi maganar inshorar lafiya. Aka ce masa ciwon da mutum ya zo da shi sai ya shekara kafin su ɗauki nauyinsa. Inshorar tsohon wurin aikinsa kuwa tana bin Auta duk asibitin da ta je, muddin yana riƙe da aikin. Matar ta yi kuka, ta ce gida ba ya rabuwa biyu. Ya ce shekara ɗaya ce, inshorar aikinta za ta fara ɗaukar nauyin yarinyar, sannan ya biyo su.

Suka tafi, suka bar masa katifa, tukunya da kujera ɗaya. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, ko da yake ba zai taɓa faɗa ba. Tagogin nan har yanzu yana goge su, ko don wa, oho.

Ran nan da hantsi Auta ta kira shi a wurin aiki. Ya ɗage gilashin walda, ya toshe ɗaya kunnen. Tana ta zuba labarin tseren da ta yi a makaranta, shi kuwa yana neman shaƙewar nan da ya saba ji. Babu ita.

"Baba, ka yi shiru. Kana ji na kuwa?"

"Ina jin ki, Auta. Ci gaba."