Ranar da na zuba wa shokola ruwa

Yayata ta gama takaba a ƙarshen Janairu, amma ba ta fito ba. Ta yi wata huɗu da kwana goma da aka ɗora mata, sannan ta ƙara nata. Maƙwabciyarta, wata Hajiya 'yar Cadi, ita ta kira ni ina Paris. Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba ta ce, "Ki zo ki ga 'yar'uwarki. Abincin da na kai mata, yadda na aje haka nake ɗaukewa." Na ji tsoro ƙwarai. Mu biyu muka rage, iyayenmu sun daɗe da rasuwa a Maraɗi.

Matan benensu a unguwar Minguettes, kusa da Lyon, suna da al'ada. Kowace ranar San-Balantan, wato ranar masoya ta Turawa, sukan taru a ɗakin taron da ke ƙasa, ba namiji ko ɗaya. Ba ruwansu da zancen masoya, dalilin haɗuwa kawai suke nema. Yaya ce ke yi musu shokola, wato cakulan, don ta daɗe tana aiki a wani shagon shokola a Lyon. Bana ta ce ba ta yi. Ni kuma da shegen bakina na ce wa Hajiya zan yi, alhali ko kek ban taɓa gasawa ba.

Na sauka Château Rouge, kasuwar 'yan Afirka a Paris, na sayi riɗi da gujiya, na roƙi ƙyallayen atamfa wurin tela, na haɗa da shokola da abin zubi mai siffar zuciya, na hau jirgin ƙasa.

Na tarar da Yaya kwance kan kujera, tagogi a rufe. Ta ce, "Sannu da hanya." Shi ke nan. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, domin Yaya mafaɗaciya ce. Tun muna yara ban taɓa shiga inda take ta rasa abin kushewa ba, ko ɗaurin kallabina, ko tafiyata. Ranar kuwa ko kallona ba ta yi ba.

Washegari da safe ni da Hajiya muka zauna a falo muna naɗe 'yan kwalaye, muna liƙa musu atamfa. Da gangan muka yi ta hayaniya, ina yanka zuciyoyi a karkace ko Yaya za ta tanka. Ta juya mana baya.

Hajiya ta tafi ɗora girki, ni na shiga kicin. Na karya shokolar duka a tukunya na ɗora kan wuta. Ta narke, amma sai na ga ta yi kauri. To, 'yar Maraɗi ta ga abu ya yi kauri a tukunya, me za ta yi? Na ɗebo rabin kofi na ruwa na zuba. Wayyo Allah! Nan take ta cure, ƙyallin ya ɓace, ta koma kamar tuwon da ya kwana. Na tuƙa, na tuƙa, muciya ta ƙi motsi. Taro bayan la'asar ne, kuma ba ni da wata. Na zauna kan kujerar kicin na fashe da kuka. Ba shokolar nake yi wa ba, Allah ya sani. Na zo in tayar da Yaya, ga shi ko tukunya ta gagare ni.

Sai na ji takun silifa.

"Me kika zuba?"

"Ruwa, Yaya."

"Ruwa? Ke Auta, kunu kike damawa? Kuma kan wuta kai tsaye! Wa ya aike ki? Tashi mini nan!"

Ta fizge muciyar. Ta buɗe firigo, wato firiji, ta ga ba komai ciki, ta tsaya ɗan jim tana kallo. Sannan ta ce in ruga wurin Hajiya in karɓo kirim ɗin madara. Na fita ba takalmi. Hajiya ta gan ni ina hawaye ta dafe ƙirji, na ce, "Faɗa take yi, Hajiya, faɗa!" Ta ɗaga hannu sama ta ce alhamdulillahi.

Yaya ta ɗumama kirim, tana zubawa kaɗan-kaɗan tana juyawa, bakinta bai huta ba. Wai ni ce na ƙona shinkafar sunan ɗan kawu, wai shekara nawa a Faransa ban koyi komai ba sai hawa metro. Ina tsaye ina cewa to. A hankali abin cikin tukunya ya saki, ya yi laushi, ƙyallinsa ya dawo.

"Ba za ta zubu a zuciyoyinki ba," in ji ta. "Dunƙulawa za mu yi."

Da hannunta ta buɗe ƙofar baranda ta aje tukunyar ta huce. Iskar sanyi ta shigo ɗakin, ba ta rufe ba. Da ta daskare muka dunƙula kamar fura, muka birgima rabi cikin soyayyen riɗi, rabi cikin dakakkiyar gujiya. Na ga ta jefa ɗaya a baki, ta ƙara wata. Na yi kamar ban gani ba.

Bayan la'asar na jera kwalayen a faranti na ɗauka.

"Aje," ta ce. "In ke kika ɗauka, a ƙasa za a tsince su."

Ta shiga ɗaki ta daɗe, har na fara tunanin ta koma ta kwanta. Can ƙofa ta buɗe, ƙamshin humra ya riga ta fitowa, ga kwalli a idonta. Ta ɗauki farantin, muka shiga asansa, lif ɗin benen. Muna sauka tana riƙe da shi gam. Daga ƙasa muna jiyo muryar Hajiya da dariyar mata.

Kafin ƙofar asansar ta buɗe, Yaya ta dube ni sama da ƙasa.

"Gyara wannan kallabin, kamar wadda aka koro."

Na gyara, ina murmushi, hawaye na zuba.