Baƙuwar da Ta Maƙale a Matakalar Bene

Akwai wata Juma'a a Doha da ko tsufa ya kwashe mini komai, ita kam ba za ta bar raina ba. Ranar ce na yi walimar tarewa a gidan da muka kama a unguwar Bin Mahmud, hawa na uku.

A asibitin da nake aikin gwajin jini akwai wata Baturiya 'yar Suwidin a sashen gashin ƙashi. Hanyarmu ɗaya, ita take ɗaukata da safe. Doguwa ce, fuska kullum kamar gonar auduga. Da na shiga mota za ta kunna waƙoƙin ƙasarsu, irin na ƙananan mawaƙa masu haɗa kiɗansu da kansu: jita, tafi, fito, da wata 'yar ƙararrawa. Ɗaya daga ciki ta shiga raina. Ko kalma ba na ji a yarensu, amma da an saka ta sai kafaɗata ta kama motsi. Na sa ta tura mini a waya, da ita nake wanke-wanke. A raina na yanke cewa mutanen nan ba su san damuwa ba. Ga madara, ga lantarki, me zai hana su waƙa?

Da na gayyace ta, sai ta tafa hannu. "Me zan kawo?"

Na ce, "Cikinki kawai."

Bayan an sauko daga masallaci falo ya cika da mata, kowa na magana, ba mai sauraron wani. Maƙwabciyata, wata Hajiya 'yar Zangon Kumasi, ta zo da tukunyar shinkafa da wake irin tasu da baƙin yajin nan da suke kira shito. Na kunna waƙar a sifika don baƙuwata ta shigo ta ji kamar gida. Har la'asar shiru. Na kira, ba ta ɗauka ba. Na fara cewa ashe Turawa ma suna saɓa alkawari.

Ƙanƙara ta ƙare, na fita sayowa. Lif ya ƙi zuwa, sai na bi matakala. Ina shan kwana na ga Baturiyar zaune, ta sha ado, farantin burodi mai kirfa a cinya.

Na ce, "Ke! Tun yaushe?"

"Tun ɗazu," in ji ta. "Na zo har bakin ƙofa, na ga takalma birjik, na ji muryoyi, sai numfashina ya tsaya. Tun ina ƙarama haka nake. A wurin aiki na san abin da zan faɗa. A taro kuwa ji nake kowa ni yake kallo."

Muna haka sai ga waƙar nan ta sake tashi daga sama. Ta saurara, ta fashe da dariya har da hawaye.

"Kin san abin da take cewa?"

"Ba waƙar biki ba ce?"

"Wata ce ta yi kwalliya za ta biki, ta kasa shiga, ta koma gida ta ce wa kowa ba ta da lafiya. Da yawan waƙoƙinmu haka suke. A wurinmu mutum ba ya kai wa maƙwabci damuwarsa. Sai ya naɗe ta cikin kiɗa mai daɗi, ya bar mutane su yi rawa."

Na tuna wata da watanni ina karkaɗa kafaɗa a kan kukan baiwar Allah. Sai na kama hannunta irin yadda muka saba. "Taso mana, ai duk 'yan uwa ne, kowa ke yake jira!" Ashe fetur na zuba wa wuta. Fuskarta ta yi fari fat, ta fara laluben makullin mota.

Allah Ya kawo Hajiya, ta biyo sawuna. Ta dube ni, ta dubi Baturiya, ba ta tambayi komai ba ta koma. Can sai ga ta da tire da cokula. Ta shimfiɗa mayafinta a matakala, ta zauna da ƙyar tana nishi, ta ce da Turancinta na Gana mai gauraye da Larabci, "Yalla, matso 'yata, bisimilla. Abinci bai san falo da matakala ba."

Baturiya ta kai loma, shito ya kama ta, ido ya kawo ruwa. Hajiya ta ce, "Shi ke nan, yanzu kin samu dalilin hawaye."

Nan muka cinye tiren muna dariya. Daga baya ita da kanta ta tambaya ko akwai aiki a kicin. Ta ɗauki tiren ta shige, ta tsaya wurin suyar masa, mata suna leƙowa ɗaya bayan ɗaya suna gaishe ta. Ba ta taka falon ba ranar, amma ba ta tafi ba sai da aka kira magariba, kuma ta sha dawowa har ta koma ƙasarsu.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Tun ranar na gane fuska ma takan rufa wa zuciya asiri. Na kuma koyi cewa in mutum ya kasa ƙarasowa inda kake, ba jan hannunsa ake yi ba. Zuwa ake yi a zauna tare da shi a inda ƙafarsa ta tsaya.